Amsa ga Alhajin da ɗan ƙanensa ke son tseren zamiyar ƙanƙara

Assalamu alaikum Alhaji. Ka ce ɗan ƙanenka da ke Austriya, mai shekara 14, ya kafe sai ya zama ɗan tseren zamiya daga kan dutse, kana tambaya ko sana'a ce. Wallahi na san irin wannan zullumin, mu ma muna da yaro a ciki, shi ya sa na kasa yin shiru.

Sana'a ce, amma ƙofarta ƙunci gare ta. Sai ya kai shekara 16 zai fara tseren FIS, hukumar wasan zamiyar ƙanƙara ta duniya. A can mai ƙarancin maki shi ne gwani. Sabon shiga makinsa da yawa, don haka a baya ake sakinsa, bayan na gaba sun farfashe ƙanƙarar sun bar rami a kowace kwana. Daga nan sai Kofin Turai, in da rabo Kofin Duniya.

Amma Alhaji, gwiwa! Ita nake so ka riƙe. Takalmin nan ya ɗaure idon sawu tamau, to duk murɗawar da allon zamiya ya yi, a gwiwa take sauka. Yaro ya ɗan zauna baya, kaifin allon ya cije ƙanƙara, maɗaurin da ke riƙe takalmi a kan allon bai saki da wuri ba, shi ke nan jijiyar tsakiyar gwiwa ta tsinke. Sai tiyata, sai jinyar wajen wata tara. Lindsey Vonn, shahararriyar 'yar tseren Amurka, ta tsinke tata a Schladming ta Austriya a 2013, ta dawo kafin shekara ta ƙare, ta sake jin rauni, gasar Olamfik ta 2014 ta wuce ta. Abin da ke ƙona min rai shi ne kocin da zai tsananta maɗaurin don kada allo ya fita a tsakiyar tsere, ko ya mayar da yaro kan dutse cinyarsa ba ta dawo da ƙarfinta ba. Ɗan wani ne, ba nasa ba. In ya ji rauni, kada ƙanenka ya yarda yaron ya koma sai likita ya auna ƙarfin ƙafafun biyu ya ga sun yi kusa da juna.

Kuɗi kuwa kada a raina. Kowane fanni da allonsa: na silalom, wato tseren kewaya sanduna kusa-kusa, ga manyan maza ba ya gaza santimita 165, kuma ana son biyu, na atisaye da na tsere. Karatu kuma kada ya bari, akwai makaranta a garin Stams na Austriya da ke haɗa aji da atisaye.

A yi masa fasfon Najeriya tun yanzu, ko zai wakilce ta. Samun gurbi a tawagar Austriya akwai wuya ƙwarai, kuma 'yar tsere Sabrina Simader a can ta girma amma Kenya ta wakilta a gasar Olamfik ta 2018.

Sannan ka lallashi kakarsa. Lokacin da muke damina a Sakkwato, su 'yan tsere suna atisaye a tsaunukan Saas-Fee na Suwizalan inda ƙanƙara ba ta ƙarewa, ba kowane dogon hutu zai zo gida ba.