Shin an fara gasa cutar kansa (ciwon daji) da na'urar leza mai harba furoton?

Ka tambaya ko mahaifinka ya jira wannan na'urar. A'a, kada ya jira, ba a fara yi wa mutane ba tukuna.

Ana haska leza mai tsananin ƙarfi ne kan ɗan siririn falle, sai furoton, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra, su fita da gudu. Amfaninsu, suna sauke ƙarfinsu a cikin ƙarin cutar, su bar naman bayansa lafiya. A 2022 masana a Dresden ta Jamus sun gwada ta, amma kan ɓeraye. Har yanzu ƙarfin bai isa ƙari mai zurfi a jikin mutum ba.

Mutane kan ɗauka lezar gyaran ido ce, ba ita ba ce. Ku koma wurin likitan cutar kansa a tsara masa gashin da ake da shi yanzu. Allah ya ba Baba lafiya.