Tambaya da Amsa: Fentin wilin babur ɗina ya fara ɓarewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da babur ƙirar Haojue, shekara huɗu ke nan ina hawansa. Wilinsa na alminiyam ne, baƙi, amma fentin ya fara ɓarewa a gefe, musamman inda mai faci yake sa ƙarfe in zai cire taya. Wani abokina ya ce in jiƙa shi a ruwan soda irin ta haɗa sabulu, wani kuma ya ce a ƙona fentin da wutar walda. Na kuma ji ana maganar fentin hoda da ake gasawa. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kada ka bari soda ta taɓa wilin nan. Ba labari aka ba ni ba. Lokacin ina yaron shago, maigidana ya tafi jana'iza ya bar min wilin wani ɗan acaɓa in kankare. Sai na narka soda a rabin duro na tsoma shi, don na saba ganin ana yi wa ƙarfe haka. Kafin minti goma ruwan ya ɗau zafi, yana kumfa yana tafarfasa kamar an hura masa wuta a ƙasa. Da na ciro wilin ya yi toka-toka, jikinsa duk ƙananan ramuka, kuma gidan boris ya buɗe har boris yana shiga ba tare da an buga shi ba. Soda ba ta tsaya kan fenti ba, alminiyam ɗin take ci, kuma iskar da ke fita daga kumfar nan tana kama wuta. Maigidana ne ya biya mai babur kuɗin sabon wili, har yau ina jin nauyin abin.

Wutar walda ma haka. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Tun kafin ya kai nan ya riga ya yi laushi. Wilin da ya sha wuta za ka gan shi lafiya lau a ido, sai ranar da ka faɗa rami da goyo a baya.

Abin da ka faɗa ya nuna min ɓarewar a gefe ce kawai. In haka ne, ba sai ka cire fentin duka ba. Fentin kamfani da yake riƙe da kyau ya fi duk wani shimfiɗi da za ka sa da hannunka. Ka cire taya da boris, ka wanke wilin da omo har maiƙo ya fita, sannan ka duba shi a rana da kyau ko akwai tsaga, musamman gindin ƙafafunsa. In ka ga tsaga, ka bar maganar fenti, ka nemi wani wilin. In babu, ka goge wuraren da suka ɓare da sanfefa mai lamba 180 har yatsanka ya daina jin tudu, sannan ka bi jikin duka da 400 tana jiƙe da ruwa, har ƙyallin ya mutu. Inda alminiyam ya fito tsirara sai an sa masa firaima (fentin shimfiɗi na farko) irin ta alminiyam, in ba haka ba fentin zai saɓule kamar ɓawon albasa. Ka rufe gidan boris da inda birki yake kamawa da salatif na takarda. Fesa kaɗan-kaɗan sau uku ya fi a kwarara sau ɗaya. Kuma in hunturu ne, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, don ƙura na son ɗanyen fenti.

In kuwa dole sai an cire shi kaf, akwai maganin cire fenti na gwangwani. Wasu suna ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'ar gari a 2019 saboda mutane sun mutu da shaƙarsa a rufaffen wuri. A waje za ka yi aikin, da safar hannu mai kauri, yara kuma su yi nisa.

Shi fentin hoda, gaskiya ya fi jure duwatsu da ƙarfen mai faci. Ana fesa hodar ne da lantarki ta manne a jiki, sai a gasa a tanda a wajen digiri 180 zuwa 200. Ba aikin gida ba ne, kuma sai an cire tsohon fentin tas, yawanci da injin feshin yashi. In ka samu masu yi, ka tsaya a kansu su toshe gidan boris kafin su fesa, don kaurin hodar kaɗai ya isa ya hana boris zama. Ni dai a babur na hawan yau da gobe, sanfefa da fentin feshi nake zaɓa. Ka ba shi kwana uku ya bushe kafin a mayar da taya, kuma ka roƙi mai faci ya sa guntun tsohon tif a ƙarƙashin ƙarfensa.