Tambaya da Amsa: Filogi Ya Karye a Cikin Kan Inji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Kwatano, wadda na saya shekara huɗu da suka wuce, kuma tun da ta zo hannuna ban taɓa canza mata filogi ba. Da ta fara kakkarwa da safe tana shan mai fiye da kima, sai na kai ta gareji. Yaron bakanike ya kwance guda uku lafiya, na huɗun ya ƙi motsi, sai ya zura bututun ƙarfe a hannun sifana domin ya ƙara ƙarfi, kawai muka ji ƙas. Kan filogin ya fito a cikin soket tare da farin tangaran ɗin, gindinsa mai tiredi kuwa ya maƙale a ciki. Maigidan yaron ya ce ko dai a huda shi da injin huda nan take, ko a sauke tof, wato kan injin, gaba ɗaya. Wani kuma ya ce in lallaɓa ta da filogi uku zuwa Kano. Wanne zan bi?

Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai, kada a yi wa motar nan kik ko sau ɗaya, kuma a cire kan batir domin kada wani ya murza makulli bisa kuskure. Maganar lallaɓa ta zuwa Kano ka ajiye ta gefe. Tun da tangaran ya fito, abin da ya rage a cikin tof wani zobe ne na ƙarfe mai rami a tsakiya, kuma ramin nan ya zarce kai tsaye zuwa kan fistin, don haka duk ɓarɓashin da ke bakin wurin hanyarsa a buɗe take. Idan dole ne motar ta bar garejin, to a ɗauke ta ko a ja ta.

Ina nanata wannan ne saboda abin da na taɓa gani da idona. An kawo mini wani inji da aka tayar bayan filogi ya fashe a cikinsa, mai motar yana cewa minti biyu kawai ya yi yana aiki. Da muka ɗaga tof, kan fistin ya yi tabo-tabo kamar fuskar mai zanzana, bakin bawul ɗaya ya lanƙwashe, ga wani dogon karce a bangon silinda wanda farce ke maƙalewa a cikinsa. Abin da ya yi wannan ɓarna duka guntun tangaran ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Tangaran na filogi ya fi alminiyam da ƙarfen silinda tauri nesa ba kusa ba, kuma maganaɗisu ba ya kama shi, shi ya sa fitar da shi ke buƙatar natsuwa.

A cikin zaɓi biyun da maigidan ya ba ka, huda shi a kan mota shi ne wanda ba zan yarda da shi ba a matakin farko. Kan injin wannan Corolla na alminiyam ne, gindin filogi kuwa ƙarfe ne, ramin filogin kuma yana da zurfi sosai, ta yadda mai hudawa ba ya ganin bakin abin da yake hudawa. Da zarar ƙarfen hudar ya ɗan karkace, zai bar ƙarfe mai tauri ya bi alminiyam mai laushi, sai a wayi gari tiredin tof ya tafi, garin ƙarfe kuma ya zuba a kan fistin. Akwai hanya ta uku da ba a ambata maka ba, kuma ita ce ta kamata a fara gwadawa.

Da farko a haska ramin da tocila a ga ainihin abin da ya rage. A kwatanta tangaran da ya fito da na ɗaya daga cikin filogi ukun da suka fita lafiya: idan tsawonsu ɗaya ne har zuwa bakin, an yi sa'a, idan kuwa bakin ya gutsure, to a san cewa akwai abin da ake bin bashi a cikin silinda. Sannan a share ramin. Tun da ƙofa a buɗe take, kada a busa iska irin ta mai faci, domin za ta tura ƙasa da yashi ciki ne. A zuƙe su da injin zuƙar ƙura wanda aka ɗaura wa siririn tiyo, ko kuma a shafa giris a bakin doguwar sukundireba a riƙa ɗauko dattin da kaɗan-kaɗan.

Daga nan sai a jiƙa tiredin da man narkar da tsatsa, irin na gwangwani da ake fesawa, a fesa shi a gefen zoben inda ƙarfe ya haɗu da alminiyam, a bar shi ya kwana, a ƙara fesawa da safe. Abin da ya riƙe filogin tsatsa ce da kunkunniyar shekaru, kuma mai yana buƙatar lokaci kafin ya ratsa su. Na san mai gareji yana son a sallami mota a shigo da wata, kai ma kana son motarka, amma wannan kwana ɗayan shi ne rabin aikin. Kafin a sa wani ƙarfe a ramin, a juya injin da hannu a hankali ta notin fuli har fistin ɗin ya sauka, a tabbatar da haka da doguwar tsinkiya mai tsabta, domin kada bakin kayan aiki ya taɓa kansa. Idan aka ji turjiya yayin juyawa, a tsaya.

Abin aikin shi ne ƙarfen zaro karyayyen noti, wanda masu sayar da kayan aiki ke kira ekstirakta. Iri biyu ne a kasuwa: akwai mai murɗaɗɗen jiki da ke cin gaba da nutsewa idan ana juya shi ta hagu, akwai kuma mai kusurwa huɗu. A wannan aikin na fi son mai kusurwa huɗu, saboda zoben filogi siriri ne, shi kuma murɗaɗɗen yana buɗa shi yayin da yake shiga, sai ya ƙara matse shi a jikin tof, wato ana neman sassauci ana ƙara ɗauri. A zaɓi wanda ya cika ramin, a sa shi a miƙe, a ɗan bubbuga shi da ƙaramar guduma har ya ciji ƙarfen, sannan a juya ta hagu da hannu biyu, ƙarfi daidai a kowane gefe, ba tare da fizga ba. Idan ya motsa ko da kaɗan ne, kada a yi gaggawar ƙarasawa. A ƙara mai, a jira, a ɗan mayar da shi dama, a sake dawowa hagu, haka har ya saki. Ƙarar ƙiƙi-ƙiƙi da za a ji alama ce ta cewa tsatsa na sakin jiki.

Ga inda nake so ka tsaya a kan bakaniken da kanka. Ekstirakta ƙarfe ne da aka gasa ya yi tauri, ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye, kuma idan ya karye a ciki, ƙarfen huda na yau da kullum ba ya cin sa. Saboda haka duk wanda ya sake ɗauko bututu zai zura a hannun sifana, ka hana shi. Idan an jiƙa sau biyu, an gwada da ƙarfin hannu, abin bai motsa ba, to lokacin sauke tof ya yi, kuma wannan ba gazawa ba ce. A kan teburi ana ganin zoben ta sama da ta ƙasa, ana iya ɗumama alminiyam ɗin, wanda ke buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi, ana kuma iya kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su huda shi a miƙe. Za ka sayi sabon gasket, za a sake saita sarƙar taimin, kuɗin aiki zai ƙaru, amma duk da haka bai kama ƙafar kuɗin wani injin ba. Walda noti a kan zoben, wadda wasu ke yi a injin da filoginsa ke fili, ba ta dace da wannan rami mai zurfi ba, domin tartsatsi zai faɗa silinda, ga roba da mai a kewaye, ga kwamfutar motar da wutar walda ke iya lalatawa.

Idan Allah ya sa ya fito, saura duba tiredi. Na wannan injin milimita 14 ne, tazarar haƙoransa 1.25. A bi shi da ƙarfen gyaran tiredi wanda aka cika wa giris domin ya kama garin da zai fito. Idan haƙoran sun zube, ana sa masa sabon tiredi na ƙarfe irin su Helicoil ko Time-Sert, kuma idan an yi shi daidai yana riƙewa har ƙarshen rayuwar injin. Sannan a zuƙe cikin silinda, a leƙa da 'yar kyamarar nan mai waya da ake haɗawa da wayar hannu, a cire fis na famfon fetur, a bar kwayil, wato abin da ke kai wa filogi wuta, a cire, a yi kik na 'yan daƙiƙoƙi babu filogi domin man da ya taru ya fito. A canza baƙin mai, tun da wani abu daga man fesawar ya gangara cikinsa.

Wajen ɗaura sababbi, a fara murza kowanne da yatsu, injin yana sanyi, har ya zauna. Kamfanin NGK mai ƙera filogi ya ba da awon ƙarfin ɗauri Nm 25 zuwa 30 ga filogi mai milimita 14 a kan alminiyam, idan kuwa babu sifana mai awo, to rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku na juyi bayan sabon wosha ya taɓa. Kamfanin ya kuma hana shafa maiƙo a tiredin filoginsa, saboda yana da rufi tun daga masana'anta, maiƙo kuma yana sa a wuce awo ba a sani ba. Ka kula da jabu, domin ƙarfensu ba shi da ƙwari, ka kuma hana masu wankin mota harba ruwa a kan injin, domin ruwan da ya kwanta a ramin filogi shi ne mafarin irin tsatsar da ta kama naka.

TAMBAYA: Malam, Ford Expedition ƙirar 2006 gare ni. Makanikai biyu sun ƙi taɓa filoginta, sun ce karyewa suke yi. Gaskiya ne, ko tsoro ne kawai?

Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, gaskiya suka faɗa miki, kuma sun kyauta da ba su yi ganganci ba. Injin Triton mai lita 5.4 da bawul uku a kowace silinda, wanda Ford ya sa a F-150 daga 2004, sannan a Expedition da Lincoln Navigator daga 2005, ya yi ƙaurin suna a Amurka kan wannan matsala. Filoginsa na asali gida biyu ne da aka haɗa: a ƙasan tiredi akwai wani dogon hanci mai santsi da ke zaune a cikin matsattsen rami. Kunkunniya na taruwa a kewayen hancin ta ɗaure shi, sai a juya sama ya fito, hancin ya zauna. Ford da kansa ya fitar da takardar umarni ga makanikai mai lamba 08-7-6 a 2008, kuma ya sauya ƙirar kan injin a ƙarshen 2007, don haka motarki tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Yadda umarnin ya tsara shi ne, a bar injin ya huce sarai, a sassauta kowane filogi kashi ɗaya cikin takwas zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na juyi kawai, a zuba ɗan man wanke kafireto a ramin, a jira aƙalla minti 15, sannan a riƙa kaiwa da komowa da hannu har ya fito. Duk da haka wasu kan karye, shi ya sa ake da kayan aiki na musamman kamar Lisle 65600, wanda ke tura tangaran ƙasa kaɗan ba tare da ya faɗa silinda ba, sannan ya ciji hancin da tiredin hagu ya zaro shi, ba sai an sauke tof ba. Ekstirakta irin wanda na bayyana wa mai Corolla ba zai yi wannan aikin ba.

Shawarata ita ce kada a fara kwance ko ɗaya daga cikin takwas ɗin sai wannan kayan aikin yana ajiye a gefe, ko da ke za ki yi odarsa ki ba bakaniken. Wajen mayarwa, a nemi filogi mai ƙirar gida ɗaya kamar Champion 7989, ko sabon samfurin Motorcraft na kamfanin Ford da aka gyara, a shafa ɗan maiƙon nikel a jikin hancin kaɗai, ban da tiredi da bakin da ke ba da wuta, a ɗaure a awon Nm 34.