Amsa ga 'yar'uwa mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ƙauyenku ta wajen Gezawa, kin buɗe shafi a Facebook, ana ta masha Allah a ƙarƙashin hotunanki amma babu mai saye, shin ki biya kuɗin talla? Ni ma sana'ar nake yi a nan ƙasar Ringim, kuma yawancin cinikina ta waya yake shigowa.

Kuɗin tallar nan ki riƙe abinki tukuna, ki ƙara a jarin gyaɗa. Facebook wurin a san da ke ne, ciniki kuwa a WhatsApp ake ƙulla shi. Sai dai sitatus ɗinki ba mai ganinsa sai wanda ya ajiye lambarki, ke ma kika ajiye tasa. To nan aikin yake. Duk wadda ta sayi ko da gora ɗaya, 'yan'uwanku da ke aure a birni, malaman firamaren garinku, ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, matan da kika haɗu da su a gidan suna, ku yi musayar lamba nan take. Ki sa ƙaninki ya zagaya wajen masu tsire da balangu shi ma, don su ƙuli da yawa suke saye saboda yaji, kuma ba sa yankewa.

Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka kullum a ga wani abu. Ni bayan isha'i nake sawa, lokacin mata sun gama da tukunya sun ɗauki waya. Kada ki kwaso hoton kwalabe masu sheƙi daga intanet. Matar birni abin da take tsoro algus ne, man da aka sirka da wani abu. Ki nuna mata aikin da kansa: gyaɗa tana soyuwa a kasko, tunkuza a turmi ana juya ta ana yayyafa ruwan zafi, man yana tsatsafowa yana taruwa a gefe. Ki ɗauka da hantsi a tsakar gida, a share wurin, a kore kaji. Ba sai fuskarki ta fito ba, in maigida ba ya so. Hannu mai tsafta da muryarki sun wadatar. Bidiyon ya zama gajere, kowa data yake lallaɓawa.

Sannan don Allah ki rubuta farashi. Gora nawa, galan nawa, jarka mai lita 25 nawa. Wannan "ki biyo ni ta ciki" da ake yayi korar mai saye yake yi, wata kunyar tambaya take ji, wata ta ɗauka kowa da kuɗin da ake yanka masa. In kika sauke WhatsApp Business, kyauta ne, akwai wurin jera kaya da kuɗinsu. Wadda ta turo saƙon murya ki amsa mata da murya. Kuma kada ki riƙa jefa mutane a guruf ba su sani ba, fita za su yi da haushinki.

Inda mu 'yan karkara muka fi shan wuya shi ne kai kaya. Ki samu direba ɗaya amintacce mai zuwa tashar 'Yankaba a Kano. Ki ɗaure bakin jarkar da leda kafin ki murza murfi, ki rubuta suna da lambar mai karɓa a jikinta, ki tura mata hoton kayan da lambar motar. Tun wajen ciniki a faɗi wa zai biya kuɗin mota, don a nan ake yawan ɓatawa.

Batun kuɗi kuma, tun ƙarancin takardun naira na 2023 kowa ya iya tiransifa, har macuta. An taɓa turo wa maƙwabciyata hoton shaidar biya, ta ɗora galan biyu a mota, kuɗi har yau shiru. Ko OPay kike da shi ko Moniepoint, ki buɗe ki ga kuɗin sun zauna da idonki kafin jarka ta bar gida. Sabuwar kwastoma ta fara biya. Wadda kuka saba, in ta yaba man, ki nemi izininta ki sa saƙon nata a sitatus, ki rufe sunanta da lambarta.