Maki 65 Da Takardar Tantance Sana'a: Wanne Za A Fara Biyan Kuɗinsa?

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duka a kan abu ɗaya suke, wato bizar ƙwararru ta Ostareliya da ta Kanada, da kuma yadda mai nema zai kashe kuɗinsa ba tare da ya yi asara ba. Na zaɓi huɗu daga ciki, kuma ta farko ce za ta ɗauki mafi yawan fili, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya ta farko daga wani injiniyan gine-gine ce a Zariya. Ya ce shekarunsa 31, yana da digiri na farko, ya yi shekara shida yana aiki, bai yi aure ba, kuma a jarrabawar Turanci ta IELTS ya samu 6 a rubutu, sauran sassa uku kuwa 7 da 7.5. Ya lissafa makinsa na bizar Ostareliya ya tashi 65, wani ejan kuma ya tabbatar masa cewa 65 ɗin nan ita ake bukata, don haka ya kawo kuɗi a fara aiki. Yana tambaya ko ya biya.

Malam, lissafinka daidai ne, ejan ɗin kuma bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka. A ma'aunin Ostareliya wanda shekarunsa ke tsakanin 25 da 32 yana da maki 30, digiri na farko yana da 15, aikin shekara biyar zuwa bakwai a wajen ƙasar yana da 10, marar aure kuma yana da 10, ka ga 65 ke nan cif. Sai dai tun watan Yulin 2018 da aka ɗaga mafi ƙarancin maki daga 60 zuwa 65, wannan adadi izinin shiga layi ne kawai. Abin da yake ba ka shi ne damar shigar da bayananka a tsarin SkillSelect, wato shafin gwamnatin Ostareliya na masu neman wannan biza, inda za su zauna har shekara biyu suna jiran gayyata, gayyatar kuwa daga sama ake fara rabonta, wato daga masu maki mafi yawa a kowace sana'a. A sana'o'in da masu nema suka yi cincirindo a kansu, irin su injiniyanci da akanta da aikin kwamfuta, mai 65 yana iya cinye shekara biyun nan kaf ba a kira shi ba, kuma babu wanda zai mayar masa da kuɗin da ya ba ejan.

Wurin da makinka ya ɓace a fili yake. Ostareliya ba ta duba jimillar sakamakon IELTS, sashen da ka fi rauni take dubawa. Wanda ya samu 6 a kowane sashe ya cika sharaɗi amma ba shi da maki ko ɗaya, wanda ya samu 7 a dukkan sassa huɗu yana da 10, wanda ya samu 8 a dukkansu yana da 20. Ke nan maki ɗaya da ya rage maka a rubutu shi ne ya hana ka maki 10 na biza, kuma a duk jerin abubuwan da ake ba wa maki babu wanda ya kai wannan araha. Ƙarin maki 5 na ƙwarewar aiki sai ka jira ka cika shekara takwas, digirin digirgir da ake shan shekaru ana yi ƙarin maki 5 ne kacal a kan digiri na farko, amma wata uku na zama da malamin rubutu da kuɗin sake jarrabawa suna iya kai ka 75. Saboda haka shawarata ita ce kuɗin da ka ware wa ejan ka fara juya su zuwa nan.

Bayan Turanci sai tantance sana'a, wanda idan babu shi ba a ma yarda ka shiga layin ba. Kowace sana'a tana da lambarta mai alƙaluma shida a kundin ANZSCO, kowace lamba kuma tana da hukumar da ke duba ko karatun mutum da aikinsa sun kai mizanin ƙasar. Injiniyoyi na hannun Engineers Australia, masu kwamfuta na hannun ACS, ma'aikatan jinya da ungozoma ANMAC, malaman makaranta AITSL, masu sana'ar hannu TRA, sana'o'i da dama kuma VETASSESS. Ita hukumar injiniyoyi, ga wanda digirinsa ba ya ƙarƙashin yarjejeniyoyin da ta amince da su kai tsaye, tana neman rahoton da ake kira CDR, wanda ƙashin bayansa labarai uku ne na ayyukan da mutum ya yi da kansa. Ba labarin abin da kamfani ya gina suke so ba. So suke su ji cewa a aikin kwalbatin da aka ba ka, kai ne ka auna yawan ruwan da zai ratsa, ka tarar ƙasar wurin ba za ta ɗauki harsashin da aka zana ba, ka sauya zanen, ka kuma kawo dalilin lissafinka. A nan ne 'yan kasuwa suka kafa rumfa, suna sayar da rahoton da aka riga aka rubuta. Kada ka saya ko da kyauta ne, domin hukumar tana bi da rahotanni ta manhajar gano kwafe, wanda aka kama kuwa ana ƙin takardarsa, a kuma hana shi sake nema na wani lokaci. Ita ma wannan hukuma tana neman sakamakon Turanci tun a matakin nema, wanda wani dalili ne na fara gamawa da jarrabawa.

Abu biyu kuma ka riƙe a ranka. Na ɗaya, ranar da ka cika 33 makin shekarunka zai sauka zuwa 25, ka ga lokacin da kake da shi bai kai shekara biyu ba. Na biyu, kuma na san magana ce mai nauyi a gidajenmu, maki 10 na rashin aure yana tafiya ranar da aka shafa fatiha, sai dai idan amarya ta maye gurbinsa. Idan ta samu 6 a kowane sashe na IELTS za a ba ka 5, idan kuma tana ƙasa da shekara 45 kuma ita ma an tantance sana'arta za a ba ka 10 ɗin. Ban ce a ɗage aure saboda biza ba, Allah ya sawwaƙe, amma in akwai maganar aure a ƙasa, a sa kuɗin jarrabawarta cikin lissafi tun yanzu, a kuma gyara bayanai a SkillSelect da zarar an ɗaura.

Kada kuma ka ƙulla ranka a kan biza mai lamba 189 kaɗai, wato ta zaman dindindin da ba ta bukatar jiha ta tsaya wa mutum. Mai lamba 190, wadda jiha ke tsaya wa mutum, tana ƙara maki 5 kuma ita ma ta zama ce ta dindindin. Mai lamba 491, wadda aka fara a watan Nuwamban 2019, tana ƙara 15, sai dai ta shekara biyar ce, da sharaɗin zama da aiki a wajen Sidni da Melbon da Birisben, bayan shekara uku kuma a nemi ta dindindin mai lamba 191. Kalmar "regional" da suke kiran waɗannan wurare da ita tana sa mutum ya zaci ƙauye za a kai shi, alhali birane kamar Adeled da Fat (Perth) suna cikin wuraren da aka yarda.

Tambaya ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Kano mai aikin rubuta manhaja. Ta ce ta miƙa wa ACS shaidar aikin shekara biyar, sakamako ya fito sun yarda da sana'arta amma sun ce shekara uku kawai za a ƙirga. Tana tambaya ko ta rubuta biyar ɗin a SkillSelect tunda dai ta yi su, ko kuma ta biya kuɗin sake dubawa.

Malama, ba kuskure suka yi ba, ƙa'idarsu ce. ACS tana ɗaukar cewa digiri kaɗai bai mai da mutum ƙwararre ba, don haka ko wanda digirinsa ya dace da aikinsa sarai sai ta cire masa shekara biyu na farko a matsayin lokacin gogewa, wanda karatunsa ya yi nisa da aikin kuwa ta cire huɗu ko fiye. A cikin wasiƙarki akwai layin da ya ambaci watan da aka fara ɗaukar ki ƙwararriya, kuma daga wannan wata ne za ki ƙirga. Biyan kuɗin sake dubawa a kan wannan batu zubar da kuɗi ne, sai fa idan akwai wani aiki da suka ƙi ƙirgawa saboda ƙarancin shaida kuma yanzu kin samo ta.

Rubuta biyar kuwa shi ne mafi hatsari. SkillSelect ba ya neman shaida lokacin da ake cikawa, duk abin da kika rubuta zai karɓa ya ba ki maki 10 maimakon 5. Ranar hisabi ita ce bayan gayyata, lokacin da za a ba ki kwana 60 ki shigar da takardu ki kuma biya kuɗin biza, wanda ya haura dalar Ostareliya 4,000 ga mutum ɗaya. Idan jami'in ya tarar makin da kike da shi ranar gayyata bai kai wanda kika yi iƙirari ba, zai ƙi bizar ko da abin da ya rage ya wuce 65, kuɗin kuma sun tafi.

Tunda maganar shaida ta zo, bari in ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ke kayar da mutanenmu fiye da jarrabawa. Aikin da ake ƙirgawa shi ne wanda aka biya albashi, na aƙalla awa 20 a mako, kuma wasiƙar shugaban ma'aikata ita kaɗai ba ta isa ba. Ana son a ga takardar albashi, a ga kuɗin sun shiga asusun banki wata bayan wata, a ga shaidar haraji ko ta asusun fansho. Wanda ya shekara huɗu yana aiki a kamfanin kawunsa ana ba shi albashi a ambulan ya yi aiki tabbas, amma a idon mai tantancewa babu abin da zai riƙe. Duk mai niyyar tafiya nan da shekara uku, ya roƙi a riƙa biyansa ta banki daga wannan wata.

Na uku akanta ne daga Maraɗi, shekarunsa 34, ya yi karatunsa da Faransanci, Turancinsa kuma matsakaici ne. Yana tambaya wace ƙasa ya dace ya sa kuɗinsa a kai.

Malam, Kanada, ba tare da wani dogon tunani ba. Tsarinta na Express Entry, wanda aka fara a watan Janairun 2015, matakai biyu ne ga mai nema daga waje. Sai ka samu 67 cikin 100 kafin ka shiga, sannan a jera ka da sauran a ma'aunin da ƙololuwarsa 1,200. A wannan ma'auni shekaru sun fara cin ka tun ka cika 30, amma Faransanci zai rama maka. Wanda ya kai mataki na 7 na ma'aunin harshe na Kanada a dukkan sassa huɗu na jarrabawar Faransanci ta TEF Canada ko TCF Canada yana samun ƙarin maki 25, idan kuma ya haɗa da Turanci mataki na 5 ƙarin ya zama 50. Abin da ya fi wannan, tun 2023 Kanada take ware zagayen gayyata na masu Faransanci zalla, kuma makin da ake yankewa a irin waɗannan zagaye ya sha zama ƙasa ƙwarai da na gama-gari. Ka lura wannan hanya ta masu niyyar zama a wajen lardin Kebek ce, domin shi yana da tsarinsa daban.

Tantancewar Kanada kuma ta fi sauƙi a matakin biza. Digirinka kaɗai ake aunawa, ta hannun hukumomi irin su WES, sakamakon kuma yana aiki shekara biyar, alhali na jarrabawar harshe shekara biyu ne. Saboda haka kai sai ka fara da WES, musamman da yake jami'arka ce za ta aika musu takardun da kanta, kuma kowa ya san ofishin rajista ba ya sauri. Amma kada sauƙin ya ruɗe ka, domin wannan takarda ta biza ce kawai, lasisin yin aikin akanta kuwa sai ka isa ka nema a lardin da ka sauka. Ka kuma tanadi kuɗin da za ka nuna a asusu na ɗawainiyar kanka da iyalinka.

Ta ƙarshe gajeriya ce. Wani mai karatu daga Kaduna ya ce an yi masa tayin takardar ɗaukar aiki daga wani kamfani a Kanada da wasiƙar ƙarin shekarun aiki, a kan kuɗi masu yawa, wai za su ɗaga masa maki.

Kada ka biya. Tun ranar 25 ga Maris 2025 Kanada ta daina ba da ƙarin maki a Express Entry saboda tayin aiki, kuma cinikin irin waɗannan takardu na cikin dalilan da suka sa ta yi haka, ka ga hajar da ake tallata maka ta riga ta mutu. Wasiƙar ƙarya kuwa idan aka gano ta, Kanada tana hana mutum shiga na shekara biyar, Ostareliya kuma na shekara uku, kuma cewa ejan ne ya shirya ba ya wanke kowa, tunda da sunanka aka shigar. In har kana son mai taimako, ka nemi lambar rajistarsa, ka duba ta da kanka a shafin hukumar OMARA idan na Ostareliya ne, ko na CICC idan na Kanada ne, kafin ka tura masa ko naira ɗaya.