Akwai adadin da ba ya cutarwa a sinadarai masu lalata DNA?

Tambayarka ita ce ko akwai ɗan adadin irin wannan sinadari da za a ce lafiya lau ne. Masu sa ido kan lafiya suna ɗauka babu, domin ɓarna a ƙwayar halitta ɗaya tana iya zama mafarin ciwon daji. Jiki yana gyara DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, amma wani lokaci gyaran yana kuskurewa.

Don haka haɗari ake ƙiyastawa. A magunguna, ana lamuntar irin wannan sinadari da ya gurɓata magani har maikirogiram 1.5 a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), wato haɗarin ƙarin mutum 1 cikin 100,000 ya kamu da ciwon daji tsawon rayuwa. Aflatoxin (gubar funfuna) da nitrosamine, sinadarai masu tsananin jawo ciwon daji, sun fi ƙarfin wannan rangwame.

Kada ka ga "ƙasa da iyaka" ka saki jiki, yawan shaƙa yana taruwa. In kana aiki da sinadarin benzene (wanda ake samu a fetur) kullum, ga likitan lafiyar ma'aikata.