Amsa ga mai son zuwa kallon tattakin Mazu a Taiwan

Malam, na ga tambayarka: kana karatu a Taipei, abokanka 'yan ƙasar sun gayyace ka bikin Mazu, kana son sanin ko baƙo Musulmi zai iya zuwa kallo kawai, da yadda za ka yi da abinci. Na zauna a birnin Taichung, kuma sau biyu ina bin tattakin Mazu da ke tashi daga Dajia, wata gunduma ta Taichung, sau ɗaya na kwana a hanya. Maganar hukunci ta malamai ce, ka tuntuɓe su. Ni abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Ita Mazu a wurinsu allahiyar teku ce. Suna cewa mace ce mai suna Lin Moniang da aka haifa a shekarar 960 a tsibirin Meizhou na lardin Fujian, kuma kakanninsu da suka tsallako teku zuwa Taiwan su suka zo da bautarta. Kowace shekara, wajen wata na uku a kalandarsu ta wata, ana ɗauko gunkinta daga ɗakin bauta na Jenn Lann da ke Dajia, a sa shi cikin wata 'yar karaga mai rufi, maza su saɓa a kafaɗa har ɗakin bauta na Fengtian a garin Xingang, su dawo. Kwana 9 ke nan a ƙafa, kusan kilomita 340, ta Changhua da Yunlin da Chiayi. Ranar tashi ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A ranar bikin fitilu, wato 15 ga watan farko na kalandarsu, ne shugabannin ɗakin bautar suke jefa wasu 'yan katako biyu masu siffar jinjirin wata, yadda suka faɗi shi ke nuna musu ranar. Saboda haka kada ka nemi masauki sai an sanar.

Daren tashi ne ya fi komai cika. Na isa Dajia da la'asar a jirgin ƙasa, kafin isha'i ba masaka tsinke. Sai ka sa auduga a kunne, da gaske nake. Suna shimfiɗa nokawut a titi kamar tabarma, a kunna a gaban karagar, hayaƙi ya turnuƙe har ba ka ganin na kusa da kai. Wani tartsatsi ya huda min riga sabuwa, shi ya sa karo na biyu na je da tsohuwa, da takunkumi.

A gaban ayarin akwai wani da ba zan manta ba: mai shela, sanye da malafa da tabarau, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, yana buga ɗan kuge don a san Mazu ta kusa. Da jin kugen sai ka ga mutane sun jeru a tsakiyar titi sun duƙa, goshi a ƙasa, karagar ta wuce ta kansu. Neman tabarruki ne a wurinsu. Wata tsohuwa ta kamo hannuna wai in shiga layi, na dafa ƙirji na girgiza kai ina murmushi, ta sake ni, ta kuma cusa min ayaba biyu a jaka. Haka suke. Ba wanda ya taɓa matsa min in riƙe turaren tsinke ko in rusuna. Ka tsaya gefe, kada ka gitta ta gaban karagar, shi ke nan. In ka shiga ɗakin bauta kallon sassaƙa, ka bi ƙofar dama ka fito ta hagu, ta tsakiya ba ta mutane ba ce, kuma ba a taka dokin ƙofa.

Abinci ne wurin da za ka buɗe ido. Duk hanyar kyauta ake rabawa, gida gida, shago shago, har sai ka ce ya isa. Amma alade a girkinsu kamar manja ne a miyar kudu, ko ba ka ga nama ba akwai kitsensa, ga giyar shinkafa da suke zubawa a romo. Ni dai ruwan gora, kankana, ayaba da dafaffen dankali na riƙe. Masu tattakin da yawa ba sa cin nama har su kai Xingang, don haka abincin ganye zalla da suke kira "su" da yarensu yana samuwa sosai a kwanakin farko. A Xingang kuwa aladun da aka yanka ne jere a fili ranar babban bikin, in ba za ka iya gani ba ka tsallake ranar.

In rana ɗaya gare ka, ka tare su a gadar Xiluo, jar gadar ƙarfen nan mai kusan kilomita 2 a kan kogin Zhuoshui. Akwai manhajar waya da ke nuna inda karagar take, abokanka za su saka maka. Ka guji cikin garin Changhua da dare, nan ne ƙungiyoyi ke rububin karagar, wani lokaci har da dambe da 'yan sanda. Ka tafi da darduma ƙarama, ni a bayan wata makarantar firamare na yi asuba, mai gadin har ya kawo min ruwan alwala a bokiti.